Wa Za A Bari Ya Yi Gadin Gida?

Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida. Daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Ƙafur zuwa Malumfashi, an sare masara, an ciri auduga, buhunan waken suya suna jingine a zaure suna jiran ranar kasuwa. Yanzu ne manomi yake ɗan miƙe ƙafa, yanzu ne kuma kuɗi sukan kwana biyu a aljihu kafin su tashi. Shi ya sa rani ya zama lokacin tafiye-tafiye. Wasu za su bikin aure, wasu ziyarar dangi a Zariya ko Kano, wasu za su yi Kirsimati a gidan kakanni, wasu kuwa Sallah ce za ta kai su Katsina kallon hawa idan ta faɗo a wannan lokaci. Akwai kuma waɗanda za su kwashi yara kawai su kai su bakin dam su sha iska.

A gidaje da yawa, tun ba a gama lissafin kuɗin mota ba an riga an san wanda ba zai tafi ba. Ba a yi shawara a kansa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Shi ne saurayin da shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami, ko tsohuwar da idonta ya rufe, ko maigidan da hawan jini ya kayar ya shanye masa ɓarin jiki, ko yarinyar da ba ta ji. Akan ce masa, "Kai ka zauna ka duba mana gida." Sa'an nan a zaɓi wata ƙanwa ko matar wa a ce ta tsaya ta riƙa ba shi abinci, watau mutum biyu ke nan suka rasa tafiyar. In an dawo a kawo musu tsaraba, rake ko ƙuli-ƙuli, a ba su labarin abin da ba su gani ba.

A ganina wannan al'ada ba ta dace ba, kuma lokaci ya yi da za mu bar ta. Yawancin abin da muke kira "ba zai yiwu ba" ba a ƙafar gurgu yake ba, ba kuwa a idon makaho ba. Yana cikin matakala, da ƙofar mota, da bakin masai, da kuma rashin shirinmu.

Bari in kai mai karatu nesa kaɗan, domin a ga yadda wasu suka yi da wannan matsala a wurin da ya fi tasharmu wuya. Dattawan da suka yi karatu a Ingila suna tunawa da Aureol, jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi jigilar fasinja tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Wannan na masu zuwa wani wuri ne. Yau kuwa akwai manyan jiragen ruwa waɗanda ba don zuwa ko'ina ake shigarsu ba, sai don hutu da yawon buɗe ido. Iyali sukan biya kuɗi su shiga, su yi mako ɗaya ko biyu a kan teku, jirgin yana tsayawa gari gari suna sauka suna kallo, da yamma su komo ɗakinsu. Wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, bene 20 gare shi, yana kuma iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Gari ne sosai a kan ruwa.

Iyalan da suke da naƙasasshe a ƙasashen Turai da Amurka suna son irin wannan hutu ƙwarai, kuma dalilin a fili yake. Ɗaki ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ba a ɗaure kaya a kwance kowace safiya. Akwai injin hawa bene, ba sai an goya mutum ba. Akwai ɗakuna da aka yi musamman, masu faɗin ƙofa yadda keken guragu zai shiga, da ƙarfen kamawa a bango, da kujera a wurin wanka. Akwai likita a cikin jirgin. Kaka da jika da mai keke duk sukan zauna a tebur ɗaya su ci abinci.

Amma kada a ɗauka tausayi ne ya sa masu jiragen suka yi haka. Ƙara ce aka kai su. Wani mutum mai suna Douglas Spector tare da waɗansu naƙasassu suka kai kamfanin Norwegian Cruise Line kotu. Suka ce ana karɓar kuɗi a hannunsu fiye da na sauran fasinja, ana tilasta musu su zo da ɗan rakiya, kayan ceton rai kuma an ajiye su inda mai keke ba zai iya kaiwa ba. Suka kuma yi kukan dokin ƙofa, gama ƙofofin jirgin ruwa suna da ƙarfe mai tudu a ƙasa don hana ruwa shiga, keke kuwa ba ya iya haye shi. Kamfanin ya ce jiragensa ba tutar Amurka suke ɗauke da ita ba, don haka dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ba ta hau kansa ba. A watan Yuni na 2005 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa dokar tana aiki a kan jiragen waje muddin suna cikin ruwan Amurka, sai dai inda za ta taɓa ainihin ginin jirgi da sha'aninsa na ciki. Ga shi, dokin ƙofar nan da muke ginawa a bakin ɗaki don kada ruwan damina ya shigo, shi ne ya kai manyan attajirai gaban alƙali.

Duk da haka ba a gama gyara ba ko a can. Ɗakunan masu keke kaɗan ne a kowane jirgi, sai an kama tun da watanni. A garuruwan da gaɓarsu ba ta da zurfi, jirgin yakan tsaya a nesa, ƙananan jirage su riƙa fito da mutane zuwa tudu, idan kuwa teku ta yi fushi ko matakalar ta yi tsayi, mai keke yakan zauna a sama yana hangen 'yan'uwansa suna tafiya. Saboda haka iyalin da suka san abin da suke yi ba sa biyan kuɗi sai sun yi tambaya: faɗin ƙofa nawa ne, a ina za a tsaya, wa zai taimaka wurin sauka. Abin da za mu ɗauka daga wurinsu ke nan. Jirgin ba namu ba ne, kuɗinsa ma ba na manomi ba ne, amma tambaya tun kafin a tashi ba ta cin ko kwabo.

Mu ma fa muna da doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Wanda ya karya ta zai biya tarar naira 100,000 ko ya yi wata shida a gidan yari, ko a haɗa masa duka biyu, kamfani kuwa naira miliyan 1. Dokar ta ce a ba naƙasasshe gaba a layi, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da tashoshi da abubuwan hawa yadda zai iya shiga. Shekara biyar ɗin sun cika a Janairu na 2024. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020, a 2024 kuma aka naɗa Ayuba Gufwan ya shugabance ta, mutumin Filato wanda shan inna ya kama tun yana yaro, wanda kuma ya daɗe yana ƙera kekunan tuƙawa da hannu a Jos yana raba wa guragu kyauta. Duk wannan abin murna ne. Amma wanda ya je tashar mota a ranar kasuwa ya san doka ba ta iso can da ƙafarta ba tukuna. Kafin ta iso, aikin yana hannun iyali.

Akwai wani abu da ya kamata ya ba mu kunya. A ƙasar Hausa naƙasassu ba baƙin tafiya ba ne. Tun zamanin kakanni makaho yana kama sandarsa da ɗan jagoransa ya tafi Kano, ya tafi Sabo ta Ibadan, ya tafi Ikko, har Ankara ta ƙasar Gana. Gurgu yakan hau bayan babbar mota a kan buhunan albasa ya kwana biyu a hanya. Ba mu taɓa cewa hanya ta yi masa nisa ba, domin bara zai je. Amma a ce a tafi da shi bikin ƙanwarsa a Zariya, nan ne za a tuna cewa ba shi da ƙafa. Ashe mun yarda ya yi tafiyar neman sadaka, ba mu yarda ya yi tafiyar jin daɗi ba. Guragun da suke buga ƙwallo da hannu a kan katako mai taya, wasan da Misbahu Lawan Didi ɗan Kano ya ƙirƙiro a 1988, suna zagaya jihohi suna gasa. Yaran makarantar kurame ta Malumfashi suna zuwa suna komawa garuruwansu kowane hutu. An tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka, mun gode, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu yau magidanta ne masu 'ya'ya, kuma suna so su ga duniya kamar kowa.

To, yaya za a yi?

Farko dai a tambaye shi. Ba a tambayi uwarsa ko matarsa a kansa yana zaune yana ji ba, shi kansa za a tambaya. Kuma a tambaya sau biyu, gama wanda aka saba bari a gida shekara da shekaru ya koyi cewa "ku je kawai, ba komai," don kara da gudun zama nauyi. Idan an sake tambaya, aka nuna masa an riga an yi tunanin mota da masauki, sau da yawa amsar takan sake. In kuwa da gaske ba ya so, to, a ƙyale shi, ra'ayinsa ne. Shi ne kuma ya fi kowa sanin jikinsa. Ya san awa nawa zai iya zama, ya san inda in an kama shi yake jin zafi, ya san abin da yake tsoro.

Abin da yawancinsu suke tsoro kuwa, wanda kunya ba ta barin a faɗa, shi ne bayan gida. Ina so in daɗe a nan, domin a nan tafiya take lalacewa. Mai lafiya idan mota ta tsaya sai ya ɗauki buta ya zaga bayan daji, minti biyu ya dawo. Gurgu fa? Masan tasha ƙofarsa ƙunci gare ta, ƙasa jiƙe take, shi kuwa da hannu yake tafiya, da hannun kuma zai ci abinci. Mace ta fi shan wuya. Saboda haka da yawa sukan daina ci da sha tun daren jiya, su yi tafiyar yini guda da ƙishirwa cikin zafin mota, su isa a galabaice, sa'an nan a ce, "Kun gani, dama mun ce ba zai iya ba." Maganin wannan ba shi da tsada. Kafinta zai iya yin ɗan benci mai rami a tsakiya, mai naɗewa, ko a samu kujerar roba mai ƙarfi a huda ta. A haɗa da bokiti mai murfi, da zane babba wanda mutum biyu za su riƙe ya zama labule, da sabulu da jarkar ruwa. A gaya wa direba tun a tasha cewa za a tsaya sau ɗaya ko biyu a inda ya dace. Wanda yake jan jiki a samo masa takalman hannu, ko silifa ma ya isa. Idan mutum ya san an shirya masa wannan, zai sha ruwa hankalinsa kwance.

Sai mota. Kada a bari sai ranar tafiya a zo ana cacar baki da yaron mota jama'a sun taru suna kallo. Maigida ya je tasha tun jiya ya ga shugaban tasha ko ɗan kamasho, ya kama kujerar gaba, in da hali ya biya kuɗin mutum biyu don kada a matse shi. Mutanen tasha ba mugaye ba ne, gaggawa ce take sa su faɗa. Idan an zo musu da girmamawa tun da wuri, sau da yawa su ne za su taimaka wurin ɗagawa. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne a caji keken gurgu kuɗin kaya kamar buhun masara. Keken nan ƙafafunsa ne, ba a kuwa taɓa cajin mai lafiya kuɗin ƙafafunsa ba. Ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi a Funtuwa da Malumfashi su zauna su yanke wannan magana, su sanar a kowace tasha. A ɗaure keken da kyau, kada a jibga masa buhu a kai ya lanƙwashe, a kuma ɗauki famfo da kayan faci. Keken da ya karye a garin baƙi ya mai da mutum abin ɗauka har a dawo.

Inda iyali biyu ko uku za su hanya ɗaya, gara su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota. Sa'an nan su ne masu cewa a tsaya, su ne masu cewa a tashi.

Wanda ya samu rauni a ƙashin baya ba ya jin zafin zama, shi ya sa fatarsa takan mutu bai sani ba, gyambo ya buɗe wanda zai ɗauki watanni bai warke ba. A sa masa matashi mai laushi, a riƙa taya shi gyara zama a kai a kai, a kuma kula kada ƙafarsa ta jingina da ƙarfe mai zafi kusa da inji. Mai shan maganin farfaɗiya ko na hawan jini ko na ciwon sukari ya ɗauki na kwanakin tafiya har da ƙari, a aljihu ko a jakar hannu, ba cikin kayan da aka ɗaure a saman mota ba. Makaho kuwa ba a jan sa da riga. A bar shi ya kama gwiwar hannun mai yi masa jagora, a gaya masa in an zo rami ko matakala, kada kuma a tsai da shi tsakiyar tasha a ce "ina zuwa" ba tare da an kai hannunsa ga bango ko benci ba. A riƙa gaya masa abin da ake wucewa: ga dutsen Kwatarkwashi, ga gonar rake, ga gadar da aka sake. Tafiya ba da ido kaɗai ake jin daɗinta ba. Kurma a sa masa takarda a aljihu mai sunan garinsu da lambar wayar wani babba. In za a ɗaga mace, mata su ɗaga ta, kuma ko wa za a ɗaga a tambaye shi inda za a kama.

Wani abin da yake ɓata wa naƙasasshe rai a hanya shi ne sadakar da bai roƙa ba. Mutum ya sha wanka ya sa sabuwar rigarsa yana jiran mota da iyalinsa, sai wani ya wuce ya jefa masa kuɗi a cinya. Mai jefawa lada yake nema, ba a ce ya yi mugunta ba, amma ya kamata mu koyi bambanta matafiyi da mabaraci. Sallama da gaisuwa sun fi masa wannan kuɗin.

Mu a nan ba mu da teku, amma muna da dam. Ga Mairuwa kusa da Funtuwa, ga Zobe wajen Dutsin-Ma, ga Tiga a jihar Kano, kuma yara ba abin da suke so kamar a sa su a kwale-kwale. Ban ce kada gurgu ko makaho ya shiga ba. Amma ruwa ba ya wasa. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin fito ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai ta jihar Kano, mutum 29 a ƙalla suka mutu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da za su Mauludi. An cika jirgin fiye da kima. Waɗannan masu lafiya ne, balle wanda ba zai iya harba ƙafa ba. Don haka sai da rigar ruwa, a kuma ɗaura masa ita tun a tudu. Kada a ɗora shi a kan kekensa cikin jirgi, kada kuma a ɗaure shi da igiya ko zane a jikin wani abu da sunan kada ya faɗi, gama in jirgi ya kife abin zai nutse da shi. Ya zauna a ƙasa a tsakiya, wani wanda ya iya iyo ya zauna kusa da shi, kowa kuma ya san cewa wannan ne aikinsa. Mai farfaɗiya a fi kula da shi. Ba a shiga bayan rana ta yi sanyi, ba a shiga jirgin da ya cika. Idan mai fito ba shi da rigar ruwa, iyali duka su shimfiɗa tabarma a gaɓa su ci guzurinsu, su sayi kifi wurin masunta, ba a ce shi kaɗai ya zauna a tudu yana gadin takalma ba. (Af, a kuma hana yara wanka a ruwan da ba ya gudu. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Liverpool suka yi bincike a ƙasar Malumfashi suka nuna yadda tsargiya take kama yaran da suke wasa a ƙananan madatsun ruwa.)

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, "Malam, kana zancen dam da biki, ka manta da hanya? In an tare mu, kowa ya ruga daji, shi fa?" Ba wanda yake zaune a kudancin Katsina da zai raina wannan tsoro. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun ga abin da suka gani, ba kuwa wanda ya manta da watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Amma a duba maganar da kyau. Cikin motar nan akwai jariri a goye, akwai mai ciki wata takwas, akwai kaka mai ciwon gwiwa. Su ma ba za su iya gudu ba, ba a kuwa ce su zauna ba. Idan hanya ba ta yi kyau ga gurgu ba, ba ta yi kyau ga waɗannan ba, abin da ya kamata shi ne a ɗage tafiyar ga kowa, ko a sake hanya. Sa'an nan wa ya ce gida ya fi tsaro? Ƙauyen da rabin mazansa suka tafi biki, aka bar wanda ba ya iya tashi da yarinya 'yar shekara goma sha biyu, wannan ba tsaro ba ne. Ko ba maharan dare, akwai gobara. Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa, ana kwana da garwashi a ɗaki, karan dawa jibge a bayan danga. Wa zai fitar da shi? Hanyar da ta fi ita ce wadda matafiya masu hankali suke bi yanzu: a tambayi direbobi labarin hanya tun da safe, a tashi bayan rana ta fito, a bi babban titi, a isa kafin la'asar, kada a baza labarin ranar tafiya da ranar dawowa.

Saura kuɗi. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, gidaje da yawa ba sa iya kwasar kowa. Wannan ba laifi ba ne. Amma in kuɗi na mutum huɗu ne a gidan mutum tara, a yi karɓa-karɓa, bana waɗannan, baɗi waɗancan, sunan naƙasasshe kuma ya shiga layi kamar na kowa. Da yawansu ma suna da sana'a, wani tela ne, wani mai gyaran waya, wata tana saƙa hula ko tana kiwon kaji, za su iya zuba adashensu su biya wa kansu. Mu da muka san yadda ake fito da buhun masara daga gona mai nisa, a jaki ko amalanke ko a-kori-kura, har ya isa kasuwar Ɗandume bai jiƙe ba bai fashe ba, bai kamata dabarar kai mutum ɗaya Zariya ta gagare mu ba.

Masu karɓar baƙi su ma da nasu aikin. Wanda ya gayyaci dangi ya faɗa da bakinsa cewa a zo da wane, don kada su yi ta tunanin ko za su ɗora masa nauyi. A ba shi ɗakin da yake kusa da ƙofa da bayan gida, a sa faffaɗan katako a kan dokin ƙofa, a kawar da turmi da igiyar shanya daga hanya. In za a ci abinci a zauna inda yake, kada a kai masa kwano a lungu.

Rani kuma shi ne lokacin gini, don haka ga magana ga kwamitocin majami'a da masallaci da makaranta da ɗakin shan magani, da masu ginin shago da gidan saukar baƙi. Ƙofa ta kai faɗin ƙafa uku. A gefen matakala a zuba gangara ta siminti, amma a yi ta bisa awo, gama yawancin waɗanda ake gani an yi su ne don tura babur, tsayinsu zai kifar da mai keke ta baya. Awon shi ne, kowace ƙafa 1 ta tudu tana bukatar ƙafa 12 na tsawo. Idan dandamalin ya kai ƙafa 2 daga ƙasa, gangarar ta zama ƙafa 24, in wuri bai isa ba a lanƙwasa ta a bi jikin bango, a bar fili shimfiɗaɗɗe a kwanar inda mutum zai huta. Kada a goge fuskarta ta yi santsi, a ja mata tsintsiya tun simintin yana ɗanye, a kuma kafa ƙarfen kamawa a gefe. Kafin a biya magini kuɗinsa, a kira mai keke na unguwar ya hau ya sauka shi kaɗai ba mai tura shi.